Ƙarin Haske ga Shuka a Gidan Gilashi: Inda Ake Rataya Fitila

Ƙarin haske shi ne hasken fitilar lantarki da manomi ke ba shukarsa idan na rana bai ishe ta ba. Ana yinsa a gidan gilashi ko na leda, inda rana ke shigowa amma ba ta wadatarwa. Ana kuma yinsa a ɗaki rufaffe inda ake renon tsiro a kan kantoci, rana ba ta leƙowa ko kusa. Tumatir da kokwamba da tattasai da latas da furanni su ne aka fi yi wa wannan hidima. Sayen fitila ba wuya ga mai kuɗi. Abin da ke raba wanda ya ci riba da wanda ya zuba kuɗinsa a rijiya shi ne sanin inda za a rataye ta, da nisanta da ganye, da tazarar da ke tsakaninta da 'yar'uwarta.

Sana'ar ta fi bunƙasa a ƙasashen da hunturu ke gajarta wa yini. A yankin Westland na ƙasar Holan, kusa da birnin Hague, gidajen gilashi sun jeru kamar unguwanni, kuma a watan Disamba rana ba ta cika awa 8 a sama, ita ma ɗin ƙasa-ƙasa take tafiya, galibi a bayan gajimare. A Kano kuwa, ko a yini mafi gajarta na shekara, rana tana haura awa 11. Manomin tumatir na Holan da ke son kai kaya kasuwa a Janairu ba shi da mafita sai fitila, haka ma takwaransa na Finlan ko Nowe ko Kanada. Tun 1880 injiniya William Siemens ya gwada renon tsirrai da hasken lantarki a Ingila, a shekarun 1890 kuma Liberty Hyde Bailey ya ci gaba da irin wannan gwaji a Jami'ar Cornell ta Amurka. Fitilun wancan zamani masu tartsatsi ne tsakanin sandunan gawayi biyu, kuma abu na farko da aka koya daga gare su batun wuri ne: tsiron da ke dab da fitila tsirara yakan ƙone, amma da aka sa gilashi tsakani, aka ja da shi baya kaɗan, sai ɓarnar ta ragu, ya kama girma.

Abin da ganye ke ƙirgawa

Ganye yana haɗa abincinsa da haske da ruwa da iskar kabon, ta hanyar koren sinadarin da ke cikinsa mai suna kulorofil. Hasken da ke wannan aiki shi ne wanda tsawon zangonsa ke tsakanin nanomita 400 da 700, wato daga shuɗi zuwa ja, kusan daidai da abin da idon mutum ke gani. Sai dai ido da ganye ba da mudu ɗaya suke awo ba. Ido ya fi jin kore da rawaya, ja da shuɗi kuma dishi-dishi yake ganinsu. Ganye yana cin moriyar ja da shuɗi sosai, kore ma ba ya zubar da shi. A 1972 Keith McCree ya auna wannan a kan iri 22 na amfanin gona, awonsa kuwa har yau da shi ake aiki. Saboda haka fitila tana iya kashe ido da haske amma ta bar ganye da yunwa. Adadin wat da aka rubuta a kwalinta ma wutar da take sha kawai yake nunawa, bai faɗi nawa ne zai sauka a kan ganye ba.

Masu wannan sana'a ƙwayoyin haske suke ƙirgawa, waɗanda ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, ma'aunin kuma sunansa maikuromol. Rana tsaka a sararin da ba gajimare tana ba da kusan 2,000. Ɗakin da mutum zai ce ya haskaka tar, har a zura zare a allura, da wuya ya kai 10. Gidan tumatir na Holan kan ƙara wa shukarsa kusan 200 da fitilu.

Ƙarfin haske a wani lokaci abu ne guda, jimlar da ta taru a yini kuma wani abu ne daban, kamar dai ruwan sama. Yayyafin da ya wuni yana sauka yana iya cika randar da ruwa kamar da bakin ƙwarya na minti goma bai cika ba. Jimlar yini da mol ake auna ta, mol ɗaya kuma maikuromol miliyan ne. Lissafin ba shi da wuya: a ninka ƙarfin haske da yawan awoyi, a ninka da 3,600, a raba da miliyan. Fitilar da ke sauke 200 a kan ganye na awa 16 ta ba da mol 11.5 ke nan. Latas yana ƙoshi da mol 12 zuwa 17 a yini, tumatir mai 'ya'ya yana son 20 zuwa 30. Ranar Disamba a Holan ba ta kai mol 5, gilashin rufin kuma ya rage wani kaso. Ranar rani a Kano kuwa tana kai 40 ko fiye. Manoman Holan suna da wata ƙa'ida da suke faɗa da baki: in haske ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, amfani ma zai ƙaru da kusan haka. Wannan ne ya sa ba sa wasa da ko ƙwayar haske guda da ta kauce wa ganye.

Nisa da zafi

Duk wanda ya taɓa haska bango da tocila ya san abin da nisa ke yi. In ya matsa kusa, sai ya ga ɗan da'ira mai tsananin haske. In ya ja baya, da'irar ta faɗaɗa, hasken ya dushe. Ga ƙwan fitila guda, ƙa'idar ita ce idan nisa ya ninka sau 2, ƙarfin haske yana komawa kashi 1 cikin 4, idan ya ninka sau 3, ya koma kashi 1 cikin 9. Ƙwan da ke ba da 400 a nisan santimita 30 zai ba da 100 ne kawai a santimita 60. Hasken bai ɓata ba, bazuwa ya yi a wuri mai faɗi, wani ya sauka a bango, wani a hanya, wani a ƙasa.

Akwai gyara ɗaya ga wannan ƙa'ida da littattafai da yawa ke tsallakewa. Ƙwai guda ɗaya take shafa. Idan fitilu sun yi yawa, sun jeru a dukan rufi, abin da ɗaya ta watsa gefe yana sauka a ƙarƙashin maƙwabciyarta, ta maƙwabciyar ma ta dawo da nata. A tsakiyar babban gidan gilashi, ɗaga fitilu ba ya rage haske sosai. A gefe-gefe ne ake asara, inda babu maƙwabciyar da za ta rama. Haka nan doguwar fitila mai kamar sanda ba ta dushewa da sauri irin na ƙwai. Mai ƙaramin wuri, kanta ɗaya ko tebur ɗaya, shi nisa ya fi cuta, domin wurinsa kusan duk gefe ne.

Abin da ke hana a kusantar da fitila yadda ake so shi ne zafi. Shekaru da yawa fitilar sodiyam ce sarauniyar gidajen gilashi, irin mai hasken ruwan lemo da ake sawa a manyan tituna, mai wat 600 ko 1,000. Tana feso zafi ƙasa tare da hasken, don haka babbarta sai an rataye ta kamar mita 2 ko fiye sama da kan shuka. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake gina sababbin gidajen gilashi na Holan da tsayin mita 6 zuwa 7. Fitilar LED ta canza lissafin. Zafinta ta bayanta yake fita, ta ƙarfen da ke riƙe da ita, fuskarta kuma ba ta gasa ganye kamar sodiyam, shi ya sa ake iya sauko da ita dab da shuka. Ta kuma fi tattalin wuta: sodiyam mai kyau tana fitar da kusan maikuromol 1.7 a kowane wat cikin daƙiƙa, LED ta zamani mai inganci tana haura 3. Wannan ya yiwu ne bayan Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura sun samar da shuɗiyar LED mai ƙarfi, aikin da ya jawo musu kyautar Nobel ta 2014. Amma a ƙasar sanyi zafin sodiyam ba asara ba ne gaba ɗaya, yana ɗumama ganye, kuma manoman da suka koma LED sun tarar sai sun ƙara wutar ɗumama gida. A ƙasar zafi kuwa sodiyam ba ta da wani uzuri.

Shukar da kanta tana nuna ko nisan ya yi daidai. Idan fitila ta yi nisa, tsiro yakan miƙe siriri, tazarar gaɓoɓinsa ta yi yawa, karansa ya yi laushi, ya karkata wajen haske, har ya kwanta. Idan ta yi kusa da yawa, ganyen da ke can sama ne ke koɗewa, ya yi fari-fari ko rawaya, bakinsa ya nannaɗe ya bushe, alhali na ƙasa yana nan shar. A nan ake yawan kuskure. Mutum ya ga rawaya sai ya ɗauko taki. Rawayar ƙarancin takin yuriya daga tsofaffin ganyen ƙasa take farawa ta hau sama, ta fitila kuwa daga sama take farawa, a daidai ƙarƙashin ƙwai. Gwaji mafi sauƙi shi ne a ɗora bayan hannu a tsayin ganyen sama na ɗan lokaci: zafin da fata ta ƙi jurewa, ganye ma ba zai jure ba. Wannan gwaji zafi kawai yake nunawa. LED mai ƙarfi tana iya koɗar da ganye ba tare da hannu ya ji komai ba.

Shuka kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya. Nisan da ya dace yau, bayan kwana goma ya zama kusa. Don haka a ƙaramin wuri da sarƙa ko igiya ake rataya fitila, ana ɗaga ta kaɗan-kaɗan, ba a kafe ta da ƙusa.

Daidaita haske a faɗin wuri

Fitila ɗaya mai ƙarfi a tsakiya tana ƙone na ƙarƙashinta ta bar na gefe cikin duhu. Ƙanana da yawa da aka baza sun fi ta amfani ko da jimlar wutarsu ɗaya ce. Ana tsara su yadda bakin da'irar hasken kowace zai hau kan na maƙwabciyarta, layin waje kuma a tura shi kusa da gefen wurin, ko a matse tazararsa, don a cike gurbin da gefe ke rasawa. Wurin da haskensa bai daidaita ba, amfaninsa ba ya nuna lokaci ɗaya, ruwan da shukar ke sha ma ya bambanta: na tsakiya ya bushe, na gefe yana jiƙe har saiwa ta ruɓe.

Ido ba abin dogaro ba ne wajen gane wannan, domin yana sabawa da duhu da haske nan take. Da dare ake awo, ko a rufe rana, a raba wurin gida-gida kamar na dara, a ɗora na'urar awo a kwance a tsayin kan shuka, a rubuta adadin kowane gida. Na'urar da aka yi don tsirrai tana da tsada. Mai auna hasken ɗaki, wadda ke ba da adadi da ma'aunin luks, ta fi araha, kuma ga farar LED ana iya raba adadinta da kusan 70 a sami maikuromol a kimance. Ga fitila mai ja da shuɗi zalla, wannan lissafi ba ya aiki. Ko manhajar waya ma tana iya nuna inda ya fi wani duhu, ko da adadinta bai zama abin rantsuwa ba.

Bango da daɓe suna da nasu aiki. Farin fenti yana mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kansa, yana kuma baza shi a hankali. Madubi ko takardar alminiyam da ta yamutse sukan tattara shi wuri guda su ƙone ganye. A gidajen tumatir na Turai farar leda ake shimfiɗawa a ƙasa saboda wannan dalili. A gidan gilashi akwai kuma inuwar fitilar kanta: da rana tana tare hasken da ake samu kyauta. Shi ya sa ake maƙala ta a ƙarƙashin ƙarafan rufi waɗanda dama suna yin inuwa, ake kuma son siririya.

Shuka mai tsawo da fitilar tsakiya

Latas gajere ne, haske daga sama ya ishe shi. Tumatir da kokwamba na gidan gilashi labarinsu daban ne. Kowane kara igiya ake ɗaura masa ya hau zuwa wayar da ke mita 3 zuwa 4 sama da ƙasa. Duk mako ana sassauta igiyar, a sauko da kan shukar, a karkata ta gefe, karan da ya tsufa ya kwanta a ƙasa, ta yadda a ƙarshen shekara tsawonsa kan wuce mita 10 alhali kansa yana nan a tsayi ɗaya. Abin da fitila ke fuskanta ke nan: katangar ganye mai tsayin mutum biyu.

Haske yana raguwa da sauri a cikin irin wannan katanga. Masana biyu 'yan Japan, Monsi da Saeki, sun bayyana ƙa'idar a 1953: kowane hawa na ganye yana cin wani kaso na abin da ya iso gare shi, ya bar saura ga na ƙasa. A tumatir, idan jimlar faɗin ganye ta ninka faɗin ƙasar sau 3, kusan kashi 90 cikin 100 na hasken ya ƙare kafin ya kai daɓe. Ganyen sama yana cikin wadata, na tsakiya da na ƙasa suna lasar abin da ya rage. Ga kuma wani abu: ganye yana da iyakar abin da zai iya sarrafawa. Da ƙaramin haske, duk ƙarin da aka yi yana komawa abinci kusan kai tsaye, amma in ya kusa ƙoshi, ƙarin ba ya tsinana abin kirki. Ƙara wa ganyen sama fitila kamar ɗura wa mai ƙoshi tuwo ne ga mayunwata a zaune.

Daga nan aka fara sa fitila a cikin shukar kanta. A farkon shekarun 2000 masu bincike a Finlan suka rataya fitilun sodiyam a tsakanin layukan kokwamba, amfani ya ƙaru, amma zafinsu yana buƙatar fili mai faɗi don kada ganye ya ƙone. Da LED ta zo, abin ya yi sauƙi. Doguwar sanda ce mai fitar da haske ta gefe biyu, ana rataye ta a kwance a tsakiyar layuka biyu da suka yi tagwaye, tana haska na dama da na hagu. Wani manomi sanda ɗaya yake sawa, wani biyu, ɗaya bisa ɗaya. Hasken da ke fitowa daga ciki ba ya tsallakewa ya koma rufi, kuma kaɗan ne ke zuba a hanya.

Tsayin da za a sa sandar shi ne muhimmin abu. In ta hau sama da yawa, tana haska ganyen da rana da fitilun rufi suka riga suka wadata, wani hasken ma ya tsere ta saman shuka. In ta sauka ƙasa da yawa, tana haska tsofaffin ganyen da ƙarfinsu ya ragu, waɗanda ma'aikata za su tsinke a mako mai zuwa, domin a tumatir ana cire ganyen ƙasa a kai a kai don 'ya'ya su sha iska su nuna. Wurinta shi ne tsakiya, inda ganye ya gama buɗewa, yana da ƙarfi, amma inuwa ta fara rufe shi. Ganyen da ya manne da sandar yana tare wa sauran, don haka akan gyara shi ko a cire.

Ba ko'ina dabarar ta ci nasara ba. Wani bincike daga Jami'ar Wageningen ta Holan da aka buga a 2010 ya gwada LED ja da shuɗi a tsakiyar kokwamba, sai ganyen ya nannaɗe ƙwarai, ya kasa tare haske yadda ya kamata, amfanin kuma bai ƙaru ba. Kan shuka, inda sabon toho da fure suke, yana buƙatar haskensa da ɗuminsa daga sama. Don haka yawancin masu amfani da fitilar tsakiya haɗa ta suke yi da ta rufi, ba sa maye ɗaya da ɗaya. Sandunan kuma suna shiga hanyar ma'aikata, suna tara ƙura da feshin magani, sai an riƙa goge su. Wanda shukarsa ba ta kai ƙugu ba, ba shi da abin yi da fitilar tsakiya. Tazara tsakanin shuke-shuke da rage ganye sun fi masa araha.

Launi da tsawon dare

Haske abinci ne ga shuka, kuma labari ne. Akwai wani ja mai zangon nanomita 730 ko kusa, wanda ido da ƙyar yake ganinsa. Ganye yana shanye ja na gari mai 660, ya bar mai 730 ya wuce. Tsiron da ya ji wannan ja mai 730 ya yi yawa a kansa, ya san wani ya yi masa inuwa, sai ya zuba ƙarfinsa a tsawo don ya tsere. Shuɗi kuma yana sa shuka ta tsaya gajera, ganyenta ya yi kauri. Fitilar ja da shuɗi zalla tana mayar da ganye baƙi-baƙi a ido, har ma'aikaci ya kasa ganin ƙwari ko cuta, shi ya sa ake cuɗa ta da fari.

Tsawon lokacin da fitila ke kunne ma magana ce babba. A 1920 Garner da Allard, ma'aikatan sashen gona na gwamnatin Amurka, sun gano cewa wani irin taba da waken soya ba sa fure sai yini ya gajarta. Daga baya aka fahimci cewa dare shukar ke aunawa: in aka katse mata dogon dare da ɗan haske, sai ta fasa fure. Manomin ƙasar Hausa ya san wannan tun kafin a rubuta shi. Dawar gargajiya da maiwa, ko an shuka su da wuri ko an makara, kusan lokaci ɗaya suke fitar da kai, wajen ƙarshen damina, sa'ad da dare ya fara tsawo. Ga irin waɗannan tsirrai, fitilar da aka sa wa wani sashe tana iya ɓata na kusa da shi idan haskenta yana tsallakawa, ko da ɗan kaɗan ne. Masu noman furanni labule baƙi suke ja tsakanin sassa. Su kuma suna amfani da dabarar da gangan, su kunna ƙananan ƙwayaye a tsakar dare don su hana fure fitowa har kara ya yi tsawon da kasuwa ke so.

Tumatir bai damu da tsawon yini wajen fure ba, amma ba ya jure haske dare da rana ba hutu. Ganyensa yakan yi dabbare-dabbaren rawaya. Awa 16 zuwa 18 ake ba shi, a bar masa duhu na awa 6 ko fiye. Wasu ƙudan zuma masu kauri da gashi da ake sakawa a gidajen gilashi don su yi wa furen barbara, da hasken rana suke gane hanya, kuma sukan ɓace in sun fita da fitila kaɗai, don haka ake rufe ƙofar akwatinsu sai gari ya waye. A Holan hasken da ke tserewa ta rufi yana rina sararin sama da dare, har doka ta wajabta wa manoma jan labule su tare mafi yawansa.

A ƙasar Hausa

A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar rana ba ta yi ƙaranci ba. Ko a marka ta Agusta, ko ranar da hazon hunturu ya rufe gari, abin da ke sauka ya ninka na Disambar Holan sau da yawa. Mai gidan leda a Kano ko Maraɗi ragar inuwa da hanyar fitar da zafi ya fi buƙata, kuma sa wa tumatirinsa fitila ɓarnar kuɗi ce. Inda fitila ke da amfani shi ne ɗakin da aka rufe da gangan: ɗakunan gwaji da ake haɓaka irin dankali ko rogo ko ayaba a cikin kwalabe don a tsare su daga cuta, da ɗakin renon dashe da aka killace saboda zafi ko ƙwari.

A irin wannan ɗaki kantoci ake jerawa hawa-hawa, a maƙala dogayen fararen LED a ƙarƙashin kowace kanta su haska ta ƙasa da ita, yadda masana'antun latas na Japan ke yi. Nisan fitila da kan tsiro yakan kasance santimita 15 zuwa 30. Sanduna biyu ko uku a baje sun fi ɗaya a tsakiya, na gefe kuma a matso da su bakin kanta. Tirorin da ke gefe ana musanya su da na tsakiya duk bayan kwana biyu ko uku. Zafin fitilun hawan ƙasa yana ɗumama kantar da ke bisa su, saboda haka hawan sama ya fi saurin bushewa. Ƙaramar fanka tana gyara wannan, tana kuma rage ƙunar baki da ke kama ganyen tsakiyar latas idan haske ya yi ƙarfi iska kuma ta tsaya, domin ƙarancin kalsiyam ke jawo ta, shi kuwa da ruwa yake tafiya, ganyen da ba ya fitar da gumi kuwa ba ya jawo shi.

Kafin a sayi komai, a yi lissafin wuta. Murabba'in mita ɗaya na dashen da ke son mol 12 a yini, in za a ba shi awa 16, yana buƙatar maikuromol kusan 210. Da LED mai fitar da 2.5 a kowane wat, wat 84 ke nan, in aka haɗa da abin da ke zubewa gefe a ce 100. Wat 100 na awa 16 yunit 1.6 ne na mita a kowace rana, a murabba'in mita ɗaya tak. Kanta mai hawa huɗu ta ninka wannan sau huɗu. Mai sola ya fi dacewa ya sa awoyin fitilarsa su faɗo da rana gwargwadon iko, don ya rage wa batir nauyi. Ruwa da lantarki kuma ba sa shiri: fitilar da aka yi don wuri mai laima ake saya, mahaɗar wayoyi da soket su zauna sama da tirori, nesa da inda ake ban ruwa, ƙarfen kantar kuma a haɗa shi da wayar ƙasa.

Dashen da ya tashi a ƙarƙashin maikuromol 200 bai taɓa ganin 2,000 ba, bai kuma san iskar waje ba. In aka ɗauke shi kai tsaye zuwa fadama, ganyensa zai yi fari ya ƙone cikin yini ɗaya. Ana fara fitar da shi inuwar rumfa ko ƙarƙashin raga, ya sha ranar safe ta awa ɗaya ko biyu, kullum a ƙara masa kaɗan, a kuma ɗan rage masa ruwa. Bayan kamar mako guda, idan kara ya yi ƙwari, sabon ganye ya fito da kauri, sai a dasa shi da yamma bayan rana ta yi sanyi, a ba shi ruwa nan take.